Tabarmar Kan Dutse

Tun da kuka shigo da lemo da ruwan gora na san akwai magana. Shekara nawa muna haɗuwa a gindin dutse ranar Asabar, kuna wucewa da jama'arku cikin riguna iri ɗaya, gaisuwar ma a tsaitsaye? Yau ga ku har gida, wai labarin sana'a kuke so. Hanyoyi kuke so, ku zuba su a waya ku riƙa kai mutane. Ban hana ku ba, dutsen ba na ubana ba ne. Amma tunda kun ce labari, za ku ji shi yadda yake.

Sunana Garba, a gindin dutse ana ce mini Garba Mai Sanda. Ina kai mutane saman duwatsun da suka kewaye Abuja, in sauko da su. A ganinku wannan tafiya ce kawai da hira da hoto, wadda duk mai ƙafa biyu zai iya. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da aka zabga mini sanda a ƙwauri.

Aikina na farko a kan dutse rabin buhun siminti ne a ka. Na zo daga ƙauyenmu na ƙasar Zariya lokacin da ake yanka garin nan, na samu aikin lebura wurin masu safiyo. Su suna son a kafa musu turken siminti a ƙololuwar duwatsu saboda awo, mu kuma mu ne masu dako. Mai shige mana gaba shi ne Baba Auta, wani dattijon Gbagyi daga Jiwa, tsohon maharbi, gajere, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Ranar muka iso wani gangare mai ciyawa kore shar, ga falalen dutse tsirara a gefensa. Ni da kaya a ka, wa zai ce in bi santsi ga ciyawa a shimfiɗe? Ina sa ƙafa na ji dukan sandar Baba Auta a ƙwauri, irin wanda ake yi wa jakin da ya shiga gona.

"Kai, Bazazzagi, wa ya ce ka taka shi?"

"Baba, ai ciyawa ce."

"Ciyawa ne a sama. Zo ka ga ƙasa."

Ya durƙusa ya tona rami da bakin sandarsa, ya kamo hannuna ya cusa a ciki. Sama a bushe, ƙasa da haka saiwoyi sun sarƙe, sai yatsuna suka taɓa dutse. Tsakanin dutsen da ƙasar akwai wani yauƙi mai sanyi, kamar na miyar kuɓewa.

"Wannan ƙasa bai riƙe dutse ba," in ji shi, "kwanciya kawai ya yi. Tabarma ne. In ruwa ya shiga ƙarƙashi, kai da shi duka za ku tafi."

Tun daga ranar nake kiran abin tabarma. Duwatsun nan namu sulɓi gare su. Ƙura da ganye su taru a kai, ciyawa ta tsiro, saiwa ta kama saiwa, amma babu saiwar da ke huda dutse. Wata tabarmar faɗin ɗaki ce, wata ta kai filin ƙwallo. Da rani a manne take, ko rawa ka yi a kai ba ruwanta. Da damina kuwa ruwa na bi ta ƙarƙashinta ya raba ta da dutsen, alhali samanta na nan yadda ka san shi. Shekara bakwai na yi a bayan Baba Auta, kuma bai taɓa maimaita mini magana ba. Ya koya mini in tona kafin in taka, in ɗaga kai in duba ko bakin tabarmar na sama ya tsage, in dubi ruwan da ke tsatsowa a gindinta, in garau ne da sauƙi, in ya yi ja to tana motsi. Abin da ya fi tsananta mini shi ne tsallakawa. Mutum ɗaya ke hawa, saura su jira a kan dutse tsirara, kuma ba mai tsayawa a ƙasan wani.

Sandar nan da kuke kallo a jingine ita ce ta uku. Icen ƙirya ce, bakin ƙarfenta wani maƙeri a Tungan Maje ya ƙera mini da sifirin na mota. Da ita nake tono, da ita nake tambayar dutse. In ka ga ƙaton dutse zaune a gefen hanya, ka buga shi. In ya ce ƙal, ɗan gida ne, haɗe yake da uwarsa. In ya ce ƙum kamar tulun da ba ruwa, zaman aro yake yi, kada ka jingina da shi ko don ɗaure takalmi. Ina da igiya irin ta masu ɗaure kaya a tirela, da adda, da usur. Sandunan nan naku masu naɗewa kamar laima kuwa, na taɓa aron ɗaya na soka a ƙasa, ta lanƙwashe, mai ita ya yi kwana uku ba ya gaishe ni.

Da aikin safiyo ya ƙare na yi gadi, na yi dako a kasuwa, amma dutse bai sake ni ba. Na raka masu neman saiwar magani, na raka masu hawa addu'a, na raka masu kafa ƙarfen waya. Daga baya likitoci suka fara tsorata ma'aikata da hawan jini da ciwon sukari, sai ga manyan motoci a gindin dutse. Daga cikin duk waɗannan ban taɓa samun wanda ya faɗa mini gaskiyar jikinsa ba. Mutum ya ce maka kullum yana motsa jiki, ka dubi tumbinsa, ka dubi takalmin da ko ƙura bai taɓa gani ba, ka yi shiru. Ni ba na jin abin da baki ya ce, numfashi nake saurara a hawan farko.

Wani injiniya da na raka sau biyu ya tsaya yana kallona ina tono, sai ya ce a ƙasar da ya yi karatu haka suke yi wa dusar ƙanƙara. Wai sabuwa na zuba a kan tsohuwar da ta daskare ta yi santsi, ta kwanta a kai ba ta kama ba, mutum na takawa sai gefen tsauni ya ɓalle da shi. Su ma tona rami suke yi su duba, su ma ɗaya bayan ɗaya suke tsallakawa. Na ɗauka zolayata yake yi, irin ta 'yan boko in sun samu tsoho. Sai ya nuna mini a waya, na ga farin tsauni ya yage daga sama ya sulalo gaba ɗaya. Na ce masa wannan ai tabarma ce, fara ce dai. Ya ƙara da cewa ranar da ta fi cin mutane a can ita ce wadda gari ya washe bayan an kwana biyu ana zuba, don ranar ce kowa ke fitowa. Wannan kam ban yi masa musu ba.

A zamanin Baba Auta ruwa na da tsari. Ya fara a lokacinsa, marka ta zo a lokacinta, mu bar gangare sai kaka. Yanzu ruwa ya fara, ya ɗauke, ya dawo ya zubar da na mako guda a yini ɗaya. Masu gawayi sun sare itatuwan da ke tare ruwa a sama, nakiyar masu fasa dutse na girgiza ƙasa har cikin haƙoranka, masu gini suna yanke gindin tsauni su kafa katanga. Hanyoyin da na yi shekara ashirin ina bi ido rufe, yau sai na tona. Wayarku na faɗa muku ko za a yi ruwa gobe, na ji, wani lokacin ma tana dacewa. Abin da ke ƙarƙashin ciyawa tun shekaranjiya ne ba ta sani ba.

Shekarar da nake kira muguwa, fari ne ya shigo tsakiyar damina, wajen mako uku, har masara ta naɗe ganye a gonakin Jiwa. Tabarmi suka bushe suka takure, bakunansu na sama suka tsattsage. Sai ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya, kwana huɗu, duk yana shiga ta tsagun nan. Alhamis da Juma'a rana ta fito fes. Ni kuma na fi wata ban raka kowa ba, gidana an fara auna tuwo.

Ranar Juma'ar nan Alhaji Kabiru ya kira ni. Darakta ne a wata ma'aikata, Bakatsine, shekara uku ina raka shi. Mutumin kirki ne, kuma ina son shi, in faɗa muku gaskiya. Kusan sa'ana ne amma Baba yake ce mini, in zai rage mini hanya kusa da shi yake zaunar da ni. Ya ce ya yi ritaya, ma'aikatansa na so su raka shi saman wani dutse da ke bayan Tungan Maje su yi hoton bankwana, har ƙyalle sun buga da sunansa. Jikina bai ba ni ba, amma na ce Allah ya kai mu.

Washegari su goma sha huɗu suka zo. Akwai mataimakinsa Mista Tunde, mai baki kamar rediyo. Akwai kuma direbansa Malam Isa, mutumin Abaji, ɗan shekara hamsin da wani abu, wanda ya yi shekara goma sha takwas yana tuƙa shi. Shi Malam Isa ba ya hawa. Kullum a mota muke barin shi, ya kwantar da kujera yana jin labarai. Ranar saboda biki ne aka ɗora masa kular abinci a ka.

Dab da ƙololuwar dutsen akwai tabarma mai faɗin taku arba'in, a ƙasanta falale ne mai gangarawa cikin kwazazzabo. Akwai wata hanyar ta baya, amma sai an ƙara awa ɗaya da rabi. Muka iso rana ta take, Alhaji yana haki, gwiwarsa ta fara ciwo. Na tsayar da su a kan dutse, na durƙusa na tona. Sama a bushe ƙamas. Na cusa hannu har na taɓa dutse, sai ga yauƙin nan. Ba shi da yawa, amma yana nan. Na ɗaga kai, na hango tsaga siririya a bakin sama, ta bi kamar zare. Babu abin da ban gane ba.

"Yaya dai, Baba Garba? Lafiya?" in ji Alhaji.

Kafin in buɗe baki Mista Tunde ya riga ni. "Haba Baba, rana ya yi kwana biyu fa, ko'ina ya bushe. Oga ba zai iya wannan zagaye ba, ka duba shi mana. No wahala, mu wuce."

Alhaji ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi, ya dube ni. "In ka ce mu koma, sai mu koma. Kai ne malamin. Sai dai ka ga yau ce ta ƙarshe."

Da tsawa ya yi mini, wallahi da na ƙi. Na saba da masu tsawa. Amma mutum ya girmama ka a gaban yaransa, ya miƙa maka wuƙa da nama, ga ƙyalle an naɗo, ga mata sun sha kwalliya, ga ƙololuwa kana ganinta, sai kunya ta kama ni. Na goge hannuna a wando na miƙe.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Amma ɗaya bayan ɗaya."

Na ce wa kaina nauyin mutum ɗaya za ta ɗauka, kuma wataƙila da ta ɗauka. Na fara tsallakawa da igiya, na ɗaure ta a wani ƙahon dutse, wancan bakin kuma na sa an ɗaure a kututture. Mata biyu suka wuce, ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Sai aka zo kan Alhaji.

Yana sa ƙafa Mista Tunde ya kama masa hannun dama. Wani ya ga haka ya zabura ya kama na hagu. Na uku ya biyo da laima. Na huɗu ya sha gabansu yana tafiya da baya yana ɗaukar su a waya. Malam Isa kuma, da ya saba duk inda oga ya nufa nan ya nufa, ya biyo da kula a ka. Na busa usur, na ɗaga murya, "Ku koma! Mutum ɗaya na ce!" Suka ɗago mini hannu suna murmushi. Babu ƙaramin ma'aikacin da zai yarda a gan shi a tsaye oga na tafiya shi kaɗai a wuri mai haɗari, balle ranar bankwana, kowa na kallon kowa. Kuma ni na san haka. Shekara uku ina ganin mutanen nan ba sa barin shi ya riƙe ko gorar ruwansa.

Suna tsakiya ƙasar ta yi nishi. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba, wani sauti ne daga ƙarƙashi kamar saniya ta kwanta. Tabarmar ta yage gida biyu, rabin ƙasa ya tafi. Alhaji da masu riƙe da shi suna jikin igiya, suka zube rubda ciki suka ƙanƙame ta. Malam Isa hannuwansa biyu na kan kula, kuma ya sauka ƙasa da layinsu taku uku, don ba zai jera da manya ba. Ina kallo ƙasar ta ɗauke shi a tsaye, bai ko yi ihu ba.

Mun same shi a cikin kwazazzabo, ƙasa ta binne shi zuwa ƙugu, wani dutse ya danne masa ƙafar dama. Da hannu muka tona, da sandata da wani reshe muka ɗaga dutsen. Na ɗaure cinyar da igiya, na sare sanduna biyu, muka ɗaura ƙyallen bankwanar a kai muka kwantar da shi. Mista Tunde, in ba shi haƙƙinsa, ya ɗauki gaba bai sauke ba har ƙasa, kuma bakin nan ya mutu. Awa huɗu muka yi kafin mu kai titi. A asibiti suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ƙafar dama, ga mutumin da tuƙi ne abincinsa.

Kowa ya ce ƙaddara. Alhaji ya ɗauki nauyin asibiti, kuma duk inda ya zauna sai ya ce ba don Baba Garba ba da gawa za a sauko da ita. Labari ya zaga ofisoshi, da kaka ta yi aiki ya yi mini yawa har ina turawa wasu. Na karɓi yabon, na ci abinci da shi. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ni na san abin da yatsuna suka taɓa. Shi ya sa nake ce mata muguwar shekara, ko da yake ban taɓa samu kamar nata ba.

Tun daga nan na canja aiki. In ayari na da oga, yaransa nake fara tsallakarwa kaf, in riƙe shi a wurina da hira, sai ya rage daga ni sai shi. In hannuna ya fito da danshi kuwa, ko waye, ko daga ina ya zo, juyawa muke yi. An zage ni a kan haka, an ce tsufa ya sa ni tsoro, wasu sun ce ina jan tafiya ne don a ƙara mini. Da yawansu yanzu ku kuke raka su, kuma na san dalili, ba ku taɓa ce wa kowa a koma ba. Ranar tana nan zuwa da za ku durƙusa, babban mutum na tsaye a kanku yana muku murmushi, kuma ba na tsammanin kun fi ni taurin ido.

Sai da shekara ta zagayo na iya zuwa Abaji. Na samu Malam Isa a bakin hanyar Lokoja, an kafa masa tebur yana sayar da baƙin mai da ruwan birki, sandar guragu jingine a gefe. Ya yi murna da ganina, ya matsa mini a benci, ya saya mini ruwa mai sanyi a shagon kusa. Muka gaisa, muka taɓa hirar iyali da tsadar mota. Tun daga Zuba nake shirya maganar a raina, amma da na zo faɗa sai ta fito a karkace.

"Malam Isa, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar nan, da na tona ramin..."

"Na gani," ya ce.

Na dube shi.

"Ina bayanka da kula. Na ga hannunka da ka zaro, na ga ka goge a wando. Taɓo ne. Ni ɗan manomi ne, Malam Garba, na san ƙasa in ya bushe."

Da ƙyar na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun yana gadon asibiti, kuma ko matarsa bai faɗa wa ba. Sai na tambaye shi abin da ya fi damuna, tunda ya gani, me ya hana shi magana, ko ya tsaya a baya abinsa?

Ya yi 'yar dariya, ya shafa dungun ƙafar.

"Oga na tsaye? Kai da kake da sanda da usur, aka ce kai ne malamin, ba ka iya ba. Sai ni mai kula a kai?"

Wata mota ta tsaya tana neman baƙin mai. Ya jawo sandarsa ya miƙe, ya ɗingisa zuwa wurinta da galan a hannu. Ya bar ni a kan benci da ruwan da ya saya mini, na kasa sha.